Karyar da Ke Tsaron Shanun Babana

Ko nawa ne kwanakin da Allah ya rage mini a duniya, ba na jin zan manta da makon da karyar garken babana ta haihu. Shekaru sun ja, na yi aure, aiki ya kai ni Paraku, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya, amma kwanaki shidan nan, daga Litinin zuwa Asabar, suna nan a raina daki-daki.

A Zongon Kwatano aka haife ni. Kakanninmu fatake ne da suka zo da kaya suka zauna, Baba kuma ya tashi a cinikin shanu. Kamiyo, wato babbar motar kaya, kan kawo masa su daga arewa, ya sauke su a wani garke can bayan Godome, su huta, su ci, su murmure kafin mahauta su zo taya. Ba nasa ne kaɗai a garken ba. Abokan sana'arsa da yawa suna barin nasu a hannunsa, don an san shi da riƙon amana.

A garken nan karyar take. Ja ce mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, irin ta makiyaya, wani Bafulatani ya ba shi ita tana 'yar kwikwiya. Shekara shida tana tsaro, ba a taɓa kwance ko maraƙi an tafi da shi ba. Baba mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Ban taɓa ganin ya shafa ta ba, ita kuma ba ta taɓa taka ƙofar gidanmu ba. Amma kullum da safe shi da kansa yake ƙulle sauran tuwon Inna a leda, ya biya ta wurin mahauta ya karɓi ƙasusuwa. Idan ya isa sai ya yi mata wani fito mai hawa biyu, ta taho a guje, ta tsaya nesa da rigarsa kamar an koya mata. Ya zuba mata abincin, ya ce, "Kin kwana lafiya? Yaya mutanenki?" Shanun yake nufi.

Baba ne ya sa ni a lakol, wato makarantar kiwon lafiyar dabbobi, da nufin in riƙa duba masa shanu. A shekarar ƙarshe aka tura ni sitaj, wato koyon aiki, a wani ɗan asibitin dabbobi a Godome. Mai wurin wata dattijuwar likita ce 'yar ƙabilar Fon, kowa Madam yake ce mata. Matsalar ita ce, a cikin dabbobi goma da ake kawo mata, takwas karnuka ne. Nan da nan magana ta zaga Zongo cewa 'yar Alhaji ta koma wankin karnuka. Inna ta ware mini bokiti da sabulu nawa ni kaɗai a bayan ɗaki. Baba bai hana ni ba, amma sau ɗaya ya yi magana, yana alwala, bai ko ɗago kai ba.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "shanu na tura ki ki koyo."

Daga nan bai ƙara tambayata komai game da aikin ba. Wannan shirun ya fi mini zafi fiye da faɗa. Ina 'yar shekara ashirin da biyu, ba abin da nake so irin ranar da Baba zai dube ni ya ga na san wani abu.

Ranar wata Litinin da damina, da misalin hantsi, ina goge tebur sai na ji tsayuwar mota. Na leƙa, sai ga Baba yana saukowa daga gaban wata bashe, wato a-kori-kura, ƙasan rigarsa duk laka. A bayan motar karyar ce kwance a kan buhu, cikinta ya yi tulu, tana haki. Na san tana da ciki, don kwanakin baya ya ce wa Inna ta ƙara yawan tuwo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon gefe.

"Uwata, tun asuba take naƙuda, ba abin da ya fito. Ki gaya wa matar nan ta duba ta."

Madam ta tattaɓa cikin, ta auna zafin jiki, ta ɗebi jini kaɗan ta ajiye a firji. Ta ce uwar lafiyarta ƙalau, cikin ma ya kai lokacinsa, ɗa ɗaya ne ya gitta ya tare hanya, sai an yi aiki. Na fassara wa Baba. Ya ce, "A yi. Allah ya sa a dace." Ya nemi benci a waje ya zauna da carbinsa.

Madam ba mai yawan magana ba ce. Da ta buɗe cikin, kafin ta fito da kowa, sai ta nuna mini tsinkayen auduga da ke cikin takardarsu a rufe. "Shafo nan," ta ce, tana nuna bangon mahaifa. "Yanzu nan," ruwan da ɗan ke kwance a ciki. Da aka fito da na farko ta sa na shafo kashinsa na fari, baƙin nan mai danƙo. Kowanne na shafa shi a farantin gwaji, wato ɗan faranti mai murfi da abincin ƙwayoyi a daskare a ciki kamar kamu. Na huɗu kuma ta sa na bar shi a buɗe a ɗakin, na dangwala safar hannuna a kai. Ban san dalilin duk wannan ba. Ban kuma tambaya ba, don kada ta ga kamar ban sani ba. Daga nan kuskurena ya fara.

Shida muka fitar. Tana miƙo mini ina murza su da tawul har su yi ɗan kukan nan kamar na ɓera. Dukansu suka yi, sai dai na ƙarshen ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ya motsa. Na fita na ce, "Baba, shida ne, duk da rai."

"Uwar fa?"

"Ana ɗinke ta. Za ta tashi."

Ya miƙe, ya je jikin taga, ya kare fuska da tafin hannu ya leƙa. Ya daɗe a haka. Sai ya ce, "Masha Allah," ya juyo ya dube ni daga kai har ƙafa, da rigar aikina mai jini, ya ƙara cewa, "Sannu da aiki." Wallahi ranar kamar a kan iska na koma gida.

Da yamma aka mayar da karyar garke da 'ya'ya biyar, aka yi mata shimfiɗa a rumfar da ake ajiye dusa. Ƙaramin ya zauna a wurinmu don bai iya kama nono ba. Farantan huɗu na sa su a akwatin ɗumi. Washegari Madam ta tafi garinsu jana'izar ƙanwarta, ta ce sai Juma'a, ta bar mini makulli.

Ranar Laraba da safe, bayan na ba ɗan kwikwiyon madara da sirinji, na buɗe akwatin. A farantin bangon mahaifa na ga ɗigo-ɗigo farare, ƙanana kamar ƙwayar gero. A na ruwan akwai guda biyu. Na kashin ya fi su yawa. Na huɗun kuwa fes yake.

A lakol an koya mana cewa mahaifar dabba mai lafiya ba ta da ƙwaya ko ɗaya, sai ɗa ya fito duniya yake gamuwa da su. Haka na haddace, haka na rubuta a jarrabawa aka ba ni maki. Saboda haka abu biyu ne kawai a ganina. Ko dai ni na yi ƙazanta wajen ɗauka, ko kuma karyar tana ɗauke da cuta. Ga shi watan da ya wuce muka karanta bakkale, cutar nan da ke sa shanu ɓari, tana kuma kama mutane. Tana zaune ne a mahaifa. Ina tsaye da faranti a hannu na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci.

Yau da na girma zan faɗi gaskiya. Lambar Madam tana cikin wayata. Na fito da ita har sau biyu na mayar. Na gaya wa kaina cewa bai dace a dami mai zaman makoki ba, amma ainihin abin, tsoro nake kada ta ce hannuna ne ba tsabta. Idan cuta ce, ni ce na gano. Idan ƙazanta ce, ni ce mai laifi. Sai zuciyata ta karkata ga wanda ya fi mini daɗi.

Bayan la'asar na hau zemijan, ɗan acaɓan Kwatano, na nufi garke. An ɗauke ruwa, rana ta ɗan leƙo, ƙasa na tashin ƙamshi haɗe da warin kashin shanu. Na tarar da Baba zaune a kan turmin da aka kife, 'yar rediyonsa a cinya, yana kallon rumfar dusa daga nesa. Karyar tana kwance, 'ya'yan biyar sun jeru a cikinta suna tsotso, suna tura juna da ƙafa. Yana ganina ya yi murmushi.

"Zo ki ga wancan mai baƙin kunne, ya fi kowa haɗama. Har mutum uku sun riga sun ce in ajiye musu."

Da na zauna kusa da shi na yi shiru muka ci gaba da kallo, da labarin nan bai zama abin da ya zama ba. Amma na tsuguna na ce, "Baba, akwai magana. Na yi gwaji. Na ga ƙwayoyin cuta a mahaifarta, har da cikin 'ya'yan."

Ya kashe rediyo. "Wace cuta?"

"Ƙila bakkale ce."

Duk mai harkar shanu ya san wannan suna. Bara waccan wani abokinsa ya yi asarar da har yau bai farfaɗo ba. Baba ya waiwaya ya dubi shanun da ke cin harawa, nasa da na mutane, wasu da ciki.

"Tana kama shanu daga kare?"

"Tana iya kamawa."

"Mutane fa?"

"Har mutane."

Sai ya dube ni ido cikin ido, irin kallon da na daɗe ina jira, na mai neman fatawa a wurin wanda ya sani. "Uwata, kin tabbata?"

Na ce, "Da idona na gani, Baba."

Ban yi ƙarya ba, na ga ɗigo. Amma ba abin da ya tambaye ni ke nan ba, kuma na sani. Na ƙara da cewa kada a bari ta kusanci shanu, ina zaton ɗaure ta zai sa a yi har Madam ta dawo. Ya ce, "To."

Madam ta dawo Juma'a da safe, idonta a kumbure, ɗankwalin makoki a kanta. Ta sa tabarau ta jera farantan a tebur. Ta duba na huɗun, ta gyaɗa kai ta ce, "Hannunki yana da kyau." Ta ɗebi ɗigo ɗaya ta shafa a gilashi, ta rina shi, ta sa a madubin gwaji, sannan ta matsa ta ce in leƙa. Na ga 'yan ƙwallaye a cure kamar nonon inabi.

"Waɗannan 'yan gida ne," ta ce da Faransanci. "Suna kan fatar kowane kare mai lafiya, suna bakinsa. Ke ma kina da danginsu a jikinki."

"Amma Madam, a mahaifa? An ce mana ba komai a ciki."

"Ni ma haka aka ce mini, tun ba a haife ki ba. Shi ya sa duk karya mai lafiya da na buɗe nake shafowa, in gani. Sau da yawa ina samun 'yan kaɗan haka, uwa lafiya, 'ya'ya lafiya. Masana wasu na cewa ɗa yana gamuwa da su tun yana ciki. Wasu na cewa daga hannunmu ko iska suke shiga, ko mun yi hankali. Ni kaina ban gama sani ba. Abin da na sani shi ne, ganin ƙwaya daban, cuta daban."

Na ce, "Ba bakkale ba ce?"

Ta zare tabarau ta dube ni. "Waccan ba ta tsirowa a kwana biyu, tana da nawa. Kuma mai ita ba kasafai take kai ciki ƙarshe ta ba ki shida masu rai ba." Ta tashi ta ɗauko jinin da ta ajiye ranar Litinin, ta gwada shi a gabana. Ba komai. Sai ta tsaya tana kallon fuskata, a hankali ta ce, "Wa kika gaya wa?"

Na fita ko jaka ban ɗauka ba.

Rumfar dusa a share na same ta, ko buhun shimfiɗar babu. Masu kula da garken suka ce tun jiya da safe Alhaji ya sa aka zuba karyar da 'ya'yanta a babban kwando, aka ɗora a kamiyon da ya sauke shanu zai koma arewa. Wasu sun ba shi shawarar a kashe su kawai, ya ce wadda ta yi shekara shida tana tsare masa dukiya ba za a kashe ta da izininsa ba. Ya sayi nama ya sa mata a kwandon, da ruwa a galan, ya ce wa direban ya sauke su inda akwai ruwa da mutane amma babu shanu.

Na koma Zongo na jira shi ya dawo daga masallacin Juma'a. A ƙofar gida na tare shi, sanye da farar babbar rigarsa, darduma a kafaɗa. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da wayar da na ƙi bugawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya cire hula, ya zauna a dakali, ya riƙe ta da hannu biyu yana juya ta. Can ya laluba aljihu ya fito da waya ya kira direban. Na ji yana cewa, "A ina daidai? Bayan Dasa? Wane mangwaro?"

Da ya gama ya ce, "Gobe in an yi asuba ki shirya."

Tafiyar awa huɗu ce ko fiye. Mun cusa a motar haya, ni a jikin taga, shi a gefena, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba. A Alada da mota ta tsaya mata suka yanyame mu da abarba, ya sayi yankakkiya ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na karɓa, na kasa ci, na kasa yarwa, na riƙe ta har ruwanta ya jiƙe mini zane.

Mun sauka bayan Dasa, inda duwatsu suka yi tsiri-tsiri a gefen hanya. Kwatancen direba daidai ne. Ga famfon tuƙa-tuƙa, ga mangwaro, ga rumfunan mata masu sayar da garin rogo a leda. A gindin mangwaron muka ga kwandon a karkace, buhun a ciki, galan a gefe. Baba ya tsaya a kansa kamar an dasa shi.

Wata dattijuwa mai gari ta taso. Harshensu yana kama da Yarabanci, ni kuma na tsinci Yarabancin kasuwa a Misebo wurin ƙawayena masu gwanjo, da shi muka lallaɓa. Ta ce ranar Alhamis da azahar kamiyo ya sauke su. Karyar ba ta yi haushi ba, ba ta ciji kowa ba, ta kwanta tana shayar da 'ya'yanta. Su suka riƙa ba ta ruwa da ragowar abinci. Sai dai duk babbar motar da ta taho daga kudu sai ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, ta bi ta da kallo har ta wuce.

Baba ya ce, "Me ta ce?" Na fassara masa. Ya juya baya yana gyara hula.

Dattijuwar ta ci gaba. Jiya da yamma wani mutum a kan babur, da fartanya ɗaure a baya, ya tsaya shan ruwa. Ya tsuguna ya duba ta, ya ga ɗinkin da ke cikinta, ya ce wannan dabbar wani ce da ke sonta, ba a yi wa karen banza irin wannan ɗinki. Ya nemi kwali ya zuba 'ya'yan, ya ɗora uwar a gabansa ya rungume ta da hannu ɗaya, ya bi waccan jar hanyar ta gabas. Ba ɗan ƙauyensu ba ne, ba wanda ya san shi.

Rana ɗaya tak muka makara.

Muka ɗauki babura biyu muka bi jar hanyar. Ƙauye uku muka shiga. A kowanne Baba sai ya sauka, ya yi sallama, in yi tambaya, a girgiza kai. Sannan ya taka zuwa bakin gonaki, dattijo da furfura, babbar riga tana jan laka, ya sa yatsu a baki ya yi fiton nan mai hawa biyu. Ya jira. Ya sake. Karnukan ƙauye su fito suna haushi, baƙaƙe, farare, har da jajaye, kowanne sai gabana ya faɗi, amma ba ita. Mutane suka riƙa fitowa suna kallon Alhajin da ya zo daga birni neman kare. Bai damu da su ba. A ƙauye na uku hanyar ta rabu gida uku, masu baburan suka ce daga nan sai dai Allah.

Muka dawo gindin mangwaron, muka yi alwala a famfo muka yi sallah. Ya rubuta lambarsa a bayan takardar mota ya ba dattijuwar, ya sayi gari leda biyu da ba ma bukata. Muna zaune muna jiran motar komawa kukan da nake riƙewa tun jiya ya ƙwace.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo."

Ya dubi titi. Sannan ya ce, "Ke kin faɗi abin da ba ki tabbatar ba. Ni na yanke hukunci ban jira likita ba. Mu biyu muka yi gaggawa, ita kuma ba ta yi wa kowa komai ba. Ita ya kamata mu nemi yafiyarta." Ya goge fuska da hannun riga. "Saura wata nawa ki gama?"

"Huɗu."

"Akwai na gaba da shi?"

"Akwai, amma shekaru ne. Kuma har da karnuka a ciki, Baba."

"Ki yi shi. Ko da kuraye ne a ciki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kin ga yadda ya ɗaure mu." Can da mota ta ɓullo daga nesa ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Wancan na wurin matar nan, yana nan da rai?"

Yana nan. Ni na raine shi da sirinji, daga baya da ɗan kwano, har ya yi wata biyu na kai shi garke a cikin kwali. Namiji ne, ja, amma ba farin ƙirjin uwarsa. Baba ya dube shi. Ya miƙa kan sandarsa a hankali ya sosa masa bayan kunne. Iyakar taɓawar da na ga ya yi wa kare ke nan a rayuwarsa, ita ma da sanda.

Ɗan ya girma ya riƙe garken, amma Baba bai daina cigiya ba. Duk direban da ya sauke masa shanu sai ya tambaye shi ko ya ga wata jar karya wajen Dasa. Har suka saba, tun kafin ya buɗe baki su ce, "Ba mu gani ba, Alhaji." Inna ta gaya mini cewa ko a ciwonsa na ajali, idan baƙuwar lamba ta kira, da sauri yake cewa a miƙo masa wayar. Dattijuwar mai gari ba ta taɓa kira ba. Ya rasu shekara biyu bayan na karɓi takardar babban karatun, ya kuwa halarci bikin, a layin gaba, bai fahimci ko kalma ɗaya ta Faransancin da aka yi ba, amma ya fi kowa tafi.

Yanzu duk lokacin da zan je Kwatano daga Paraku ta wurin nan nake wucewa. An sare mangwaron, an gina shago. Na san a lissafin shekarun kare ta daɗe da mutuwa, ko da ta samu kyakkyawan riƙo. Duk da haka idan na hango jan kare a bakin hanya sai na waiwaya, in ce ƙila jikanta ne. Ina so in yarda cewa mutumin nan mai fartanya ya cire mata zaren ɗinkin da kyau, ta tsufa a inuwar wani rumbu. Ba ni da hanyar sani. Kewar Baba da tata sun haɗe mini wuri ɗaya, ban iya raba su.

Tambayar Madam kuwa, ko 'ya'yan suna gamuwa da ƙwayoyin nan tun a ciki ko mu ne muke kai su, har yau masana ba su daina muhawara a kanta ba, ni ma nakan shafo in duba idan na samu dama. Abin ba ya damuna yanzu. Na koyi zama da tambayar da ba ta da amsa tukuna.

Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya yarda da kai yana aiki da maganarka fiye da yadda kake zato, musamman idan yana sonka. Kai ka faɗa ka wuce, shi zai ɗora ta a mota ya aika da ita inda ba za ta dawo ba. Shi ya sa duk wanda ya zo koyon aiki a hannuna, kafin in koya masa riƙe allura, nake fara koya masa ya buɗe baki ya ce, "Ban sani ba tukuna, a jira." Ba ta rage wa kowa daraja. Da na faɗe ta a yammacin Larabar nan, da kwana biyu kawai za ta ci mana.